Tarihin Likita Harvey Cushing, Uban Masu Fiɗar Ƙwaƙwalwa

Da wuya a sami malamin makaranta ko akawun ofis da ya daɗe yana cuɗanya da jama'a, wanda bai taɓa gamuwa da mutumin da gefe guda na fuskarsa ke fizga ba. Ana cikin magana da shi sai a ga ido guda ya runtse da kansa, kunci ya ɗaga, baki ya karkace, sa'an nan ya saki, jim kaɗan kuma ya sake. Yara su yi ta dariya, manya su kau da kai, waɗansu su ce iska ce ta shafe shi, waɗansu su ce sammu ne. Shi kuwa mai abin, kunya takan hana shi shiga taro, in ma'abucin karatu ne karatun ma ya gagare shi, don idon ba ya tsayawa a kan layi. Yau likitoci sun san abin da ke kawo wannan lalura, sun san wurin da tushenta yake cikin kai, har suna iya buɗe wurin su gyara, mutum ya tashi lafiya lau. A farkon ƙarni na 20 kuwa, wanda duk aka buɗe wa wannan wuri, kusan a ce ya yi ban kwana da duniya. Mutumin da ya fi kowa shan wahala wajen sauya wannan hali shi ne wani likita Ba'amurke da ake ce da shi Harvey Cushing, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihinsa.

Asalinsa Da Karatunsa

An haife shi ran 8 ga watan Afril, 1869, a birnin Cleveland, cikin jihar Ohio ta ƙasar Amurka. Shi ne auta cikin 'ya'ya 10. Likitanci gadon gidansu ne, gama ubansa likita ne, kakansa likita, uban kakansa ma likita. Uban nasa mutum ne mai tsanani, mai ƙarancin magana, wanda ba ya yarda yaro ya kashe kuɗi bai rubuta abin da ya saya ba. Wannan horo bai tafi a banza ba, kamar yadda za mu gani nan gaba.

Ya yi karatu a jami'ar Yale, ya fita cikin 1891, kana ya shiga makarantar likitoci ta Harvard, ya sami takardar shaidarsa cikin 1895. Tun yana ɗalibi a can wani abu ya same shi wanda bai manta da shi ba har ƙarshen ransa. A zamanin nan ɗalibai ake sawa su shaƙa wa majiyyaci maganin sa barci sa'ad da ake fiɗa, ba tare da an koya musu wani abin kirki a kai ba. Ran nan aka ba shi wata mata ya shaƙa mata, ba a yi nisa da aiki ba sai ta mutu a gaban ɗalibai duka. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya yi niyyar barin likitanci ɗungum. Da hankalinsa ya komo, sai shi da wani abokinsa mai suna Codman suka shirya wata takarda mai layi-layi, wadda mai ba da maganin barci zai riƙa rubuta bugun zuciyar majiyyaci da numfashinsa a kai a kai, tun daga fara aiki har gamawa, don a ga alamar haɗari tun bai auku ba. Irin wannan takarda ita ce har yanzu ake cikawa a ɗakunan fiɗa na duniya duka.

Cikin 1896 ya koma asibitin Johns Hopkins a birnin Baltimore, ya zauna ƙarƙashin babban likitan fiɗa William Halsted. Kafin Halsted, gwanin fiɗa shi ne wanda ya fi sauri, ya yanka ya ɗinke cikin ɗan lokaci, jini kuwa ya zuba yadda ya ga dama. Halsted ya koya wa almajiransa akasin haka: a yi aiki sannu, a taɓa nama da tausayi, a ɗaure kowace jijiyar jini komai ƙanƙantarta, a yi ɗinki da zaren siliki mai laushi, a kiyaye tsabta kamar rai. Cushing ya ɗauki wannan hanya, ya kudurta zai kai ta wurin da kowa ke tsoro, watau cikin ƙoƙon kai.

Tafiyarsa Turai

Cikin 1900 ya ƙetare teku don ƙaro ilmi, ya shekara guda yana zagawa. A Landan ya ga aikin Victor Horsley, wanda shi ne shugaban masu fiɗar ƙwaƙwalwa na Ingila a lokacin, amma saurin hannunsa bai kwanta masa a rai ba. Ya wuce birnin Bern ta ƙasar Suwizalan, wurin Likita Kocher, inda ya yi gwaje-gwaje a kan dabbobi, ya tabbatar cewa in abu ya matse ƙwaƙwalwa cikin ƙoƙon kai, sai ƙarfin jinin jiki ya hau don ya samu ya kutsa ya kai mata abinci. Har yau likitoci suna kiran wannan alama da sunansa, in sun ga jinin wanda ya bugu a ka yana hawa, bugun zuciyarsa kuwa yana raguwa, sun san kai ya cika, sai a yi hanzari. A Italiya ya ga wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a damtse a hura mata iska a auna ƙarfin jini, ya zo da irinta Amurka cikin 1901, ya dage sai an riƙa aiki da ita a ɗakin fiɗa. Manyan likitoci da yawa suka ce ɓata lokaci ne, yatsa ya isa. Yanzu ko ɗakin shan magani na ƙauye ba ya rasa ta.

Da ya komo gida ya auri Katharine Crowell cikin 1902, suka haifi 'ya'ya 5. Ya kuma sanar da shugabanninsa cewa shi aikin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi kaɗai zai sa gaba. Mutane suka yi mamaki, don ba a ga abin samu a wannan fage ba sai baƙin jini. An fara cire ƙari daga cikin ƙwaƙwalwa a Landan tun cikin 1884, amma mutumin ya mutu bayan 'yan makonni saboda ciwon ya ruɓe. Daga nan har zuwa lokacin Cushing, mafi yawan waɗanda aka buɗe wa kai ba su tashi ba. Abu uku ke kashe su: zubar jini, da kumburin ƙwaƙwalwa wadda takan bulbulo ta bakin yankan ta ƙi komawa, da ruɓewar ciwo. Banda haka kuma, babu hoton da ke nuna ƙwaƙwalwa a zamanin, sai dai likita ya dubi alamun jikin majiyyaci ya yi hasashen inda ƙarin yake, sau da yawa a buɗe a tarar babu kome a wurin.

Cushing ya bi waɗannan abokan gaba ɗaya bayan ɗaya. Don tsai da jini ya ƙago 'yan ƙananan maƙalai na azurfa cikin 1911, waɗanda ake danne jijiyar jini da su a wurin da zare ba ya ɗauruwa. Don kumburi ya koyi tsiyaye ruwan da ke cikin kogunan ƙwaƙwalwa da allura kafin ya shiga aiki. Don ruɓewa kuwa ya riƙa ɗinke fatar kai hawa biyu, na ciki daban na waje daban, yadda ciwon ba zai buɗe ba. Aiki guda yakan ci sa'a 5 ko fiye, yana tsaye, ba mai tari ba mai magana. Cikin 1910 ya cire wa wani babban janar na sojan Amurka mai suna Leonard Wood ƙari daga kai, janar ɗin ya warke ya koma bakin aikinsa. Daga nan sunansa ya bazu. Cikin 1912 aka kira shi ya zama shugaban likitocin fiɗa na wani sabon asibiti a Boston mai suna Peter Bent Brigham, kuma babban malami a Harvard, ya yi shekara 20 a nan.

Lungun Da Kowa Ke Tsoro

A nan ya kamata mu dakata mu bayyana wa masu karatu yadda wurin nan yake, don in ba a gane shi ba, ba za a gane girman aikin ba. Jijiyoyin da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan kai guda 12 ne a dama, 12 a hagun, likitoci sun ba kowace lamba. Ta 5 ita ke kawo ji daga fuska, da ita mutum ke jin zafi ko sanyi ko taɓi a kunci. Ta 7 ita ke motsa naman fuska, da ita ake runtse ido, da murmushi, da ɓata rai. Ta 8 kuwa ita ce ta jin sauti da daidaita tsayuwa. A bayan kunne, can ciki, akwai wani ɗan lungu tsakanin ƙaramar ƙwaƙwalwa ta wajen ƙeya da gindin ƙwaƙwalwa, inda laka ta haɗu da ita. Ta cikin wannan lungu ne jijiya ta 7 da ta 8 suka fito kafaɗa da kafaɗa, suka shiga rami guda cikin ƙashin kunne, ta 5 kuwa tana bisansu kaɗan. Jijiyoyin jini suna ratsa tsakaninsu, gindin ƙwaƙwalwa kuma, wanda ke riƙe da numfashi da bugun zuciya, yana manne da su.

To, in ƙari ya tsiro a wannan lungu, ba shi da wurin faɗaɗa sai ya danne maƙwabta. Wanda ya fi yawa shi ne mai tsirowa a jikin jijiya ta 8. Ba irin mai yaɗuwa cikin jiki ba ne, amma yana girma a hankali shekara da shekaru. Da fari kunne guda ya riƙa ƙara, ji ya ragu, kana mutum ya fara tangaɗi, fuska ta mutu da ji ko ta yi rauni ko ta riƙa fizga, daga ƙarshe ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa, ciwon kai da amai su taso, ido ya makance, ajali ya biyo baya. Likitocin farko sukan buɗe bayan kunne su zura yatsa su ɓanɓaro ƙarin da ƙarfi. Yatsa kuwa ba shi da ido, sai ya tsinke jijiyoyin jinin da ke ciyar da gindin ƙwaƙwalwa. A babban taron likitoci da aka yi a Landan cikin 1913, manyan gwanayen Turai suka ba da lissafin aikinsu a wannan lungu, aka ga cikin mutum 10 wajen 7 ko 8 ke mutuwa.

Cushing ya sake dabara. Yakan kwantar da majiyyaci rub da ciki, ya yi yanka daga bayan kunne zuwa bayan kunne, ya ƙara wani ya gangara tsakiyar wuya, siffar baka da kibiya, ya cire ƙashin ƙeya da faɗi don ƙwaƙwalwa ta sami sarari. In ya kai ga ƙarin ba ya jan sa. Sai ya tsaga ɓawonsa ya kwashe abin da ke ciki kaɗan-kaɗan, kamar mai rarake duma, ya bar ɓawon a manne inda yake, bai taɓa gindin ƙwaƙwalwa ba, bai kuma tsinke jijiyar fuska ba. Cikin 1917 ya buga littafi a kan majiyyata 30 masu wannan ƙari, inda ya jera alamun ciwon bi da bi yadda suke zuwa, don likita ya gane shi tun da sauran dama. A ƙarshen aikinsa, cikin mutum 100 da ya yi wa wannan fiɗa wajen 4 kaɗai ke mutuwa a hannunsa.

Ya kuma yi aiki mai yawa a kan wani ciwo na jijiya ta 5, wanda kan soki gefen fuska kamar walƙiya, har mutum ya ji tsoron cin abinci ko wanke fuska. Cikin 1920 ya ba da labarin fiɗa 332 da ya yi saboda wannan ciwo. A cikin bayanin ne ya lura da waɗansu majiyyata da suka haɗa abu biyu a gefe guda, ga sukan ga kuma fizgar fuska, ya ba wannan hali suna na musamman wanda likitoci ke aiki da shi har yanzu. Bayansa aka gane cewa in an ga biyun tare, lalle a binciki lungun nan, don sau da yawa akan tarar da ƙari ko wata jijiyar jini da ta kumbura ta danne jijiyoyin biyu gaba ɗaya.

Saɓaninsa Da Almajirinsa

Ba mu yi wa masu karatu adalci ba in mun nuna mutumin nan kamar ba shi da aibu. Cushing yana da tausayin majiyyata ƙwarai, shi da kansa yakan wanke musu ciwo ya ɗaure, amma ga mataimakansa harshensa ya fi aska kaifi, ba ya kuma son wani ya sha gabansa. Cikin almajiransa na Baltimore akwai wani saurayi mai kaifin basira ana ce da shi Walter Dandy. Jininsu bai haɗu ba, da zai koma Boston sai ya bar shi a baya. Wannan bari ya zama alheri ga Dandy, gama cikin 1918 ya gano dabarar sa iska cikin kogunan ƙwaƙwalwa a ɗauki hoto, inuwar iskar ta nuna inda ƙari ya tura su. Cushing ya daɗe bai karɓi wannan dabara hannu biyu ba.

Babban saɓaninsu a kan lungun nan ya auku. Dandy ya ce barin ɓawo a ciki jinkirta ajali ne kawai, don ƙarin yakan sake tsirowa, kuma gaskiyarsa, da yawa daga cikin waɗanda Cushing ya ceta sun komo bayan 'yan shekaru da ciwonsu, waɗansu ya kashe su. Saboda haka shi sai ya rarake cikin tukuna, kana ya bi ɓawon a hankali ya ɓare shi duka. Ya ba da labarin wannan cikin 1922, ya cika bayani cikin 1925. Amma hanyarsa ita ma da nata hasara, don kusan kowane majiyyaci yakan rasa jijiya ta 7, gefen fuskarsa ya shanye har abada, ido ba ya rufuwa, baki a karkace. Cushing ya husata, ya rubuta masa takarda mai zafi, suka yi shekaru ba sa ga maciji.

Mu da muke duban abin daga nesa muna iya gani kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Ɗaya ya tsaya a kan kada mutum ya mutu a kan tebur, kada kuma a ɓata masa fuska, ɗaya ya tsaya a kan kada ciwon ya komo. Abin da ya raba gardamar bai zo ba sai bayan mutuwarsu duka biyu, sa'ad da aka fara fiɗa da madubi mai ƙara girman abu, wajen 1961. Da shi likita ke ganin jijiyar fuska, ko da ƙari ya shimfiɗe ta ta zama kamar tantani, ya raba ta da ɓawon, ya cire ƙarin duka ya bar fuska tana motsi.

Yaƙi, Da Rashi, Da Littafin Lissafi

Sa'ad da aka yi Yaƙin Duniya na Farko ya tafi Faransa cikin 1915, ya sake komawa cikin 1917 ya zauna har aka gama. Yakan yi fiɗa 8 a yini ga sojojin da harsashi ya fasa wa kai, yana tsotse ɓaraguzai da ɗan bututu mai laushi, yana jawo gutsattsarin ƙarfe da maganaɗisu. Cikin 'yan watanni ya rage mutuwar masu irin wannan rauni daga fiye da rabi zuwa ƙasa da sulusi. A can ne wani ciwo ya kama ƙafafunsa cikin 1918, bai rabu da shi ba har ya mutu, yawan shan taba kuma ya daɗa tsananta masa.

Shekarar 1926 ta zo masa da daɗi da ɗaci. A cikinta aka ba shi babbar kyautar marubuta ta Amurka saboda tarihin malaminsa kuma amininsa, Likita William Osler, da ya rubuta. A cikinta shi da almajirinsa Percival Bailey suka buga littafin da ya rarraba ƙarin ƙwaƙwalwa iri-iri, aka san mai saurin kisa da mai jinkiri. A cikinta kuma, ran 1 ga Oktoba, ya fara aiki da wata na'urar lantarki da wani masani mai suna Bovie ya ƙera, wadda ke yanka tana ƙone bakin jijiyoyin jini a lokaci guda, har ya kira waɗansu majiyyata da dā ya sallame su don tsoron jini, ya yi musu aiki. Amma a watan Yuni na wannan shekara babban ɗansa William, wanda ke karatu a Yale, ya mutu a haɗarin mota. Labari ya iske shi da safe yana shirin fiɗa. Ya shiga ya yi aikinsa har ya gama, sa'an nan ya gaya wa mataimakansa abin da ya faru. Shekara ta gaba janar Wood ya komo, ƙarinsa ya sake tsirowa, Cushing ya sake yi masa aiki, wannan karon bai tashi ba.

Abin da muke so akawuna da malamai su fi lura da shi cikin tarihin nan shi ne sha'anin rubutu. Da ya gama fiɗa, tun bai huta ba, yakan zauna ya rubuta abin da ya yi duka, ya zana hoton abin da ya gani, gama gwanin zane ne. Yakan sa a ɗauki hoton majiyyaci kafin aiki da bayan aiki, a ajiye ƙarin da aka cire cikin kwalba da lamba. Kowace shekara yakan aika wa waɗanda ya yi wa aiki takarda yana tambayar lafiyarsu. In majiyyaci ya mutu yakan roƙi danginsa su yarda a bincika gawar, don a san inda aka kuskure. Duk wanda ya mutu a asibiti bayan fiɗa, ko mene ne sanadin, sai a rubuta shi cikin hasarar aikin, ba a neman uzuri. Mai riƙe da wannan lissafi wata mace ce, Louise Eisenhardt, wadda ta fara aiki a ofishinsa tana taya shi shirya rubuce-rubuce cikin 1915, daga baya ta yi karatu ta zama likita, ta gwanance wajen sanin irin ƙari a madubi. Saboda wannan lissafi ne, sa'ad da ya cire ƙari na 2,000 ran 15 ga Afril, 1931, ya iya nuna wa duniya a rubuce cewa masu mutuwa a hannunsa sun komo ƙasa da 10 cikin 100. Ba wanda ya yi musu, don shaida tana nan baƙi da fari.

Cikin 1932 ya bayyana wata cuta da ke tasowa daga ɗan ƙari a wani ƙullutu mai kamar ƙwayar wake a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai sa fuska ta kumbura, jiki ya yi teɓa, jini ya hau. Ita ma da sunansa ake kiranta. A shekarar ya bar fiɗa, ya koma Yale cikin 1933 yana koyarwa yana rubutu. Cikin 1938 shi da Eisenhardt suka buga babban littafi a kan ƙarin da ke tsirowa daga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ciwon zuciya ya kashe shi ran 7 ga Oktoba, 1939, yana da shekara 70. Da aka bincika gawarsa, kamar yadda shi ya saba roƙon waɗansu, sai aka tarar da wani ɗan ƙullutu cikin ƙwaƙwalwarsa shi ma. Littattafansa ya bar wa Yale, kwalaben nan nasa kuma suna can a ajiye, an buɗe musu ɗaki na musamman cikin 2010.

Abin Da Aka Gano Bayansa

Cushing bai kai ga warware asirin fizgar fuska ba, hanya ya share. Tun cikin 1875 wani likita Bajamushe mai suna Schultze ya bincika gawar wani mai wannan lalura, ya tarar da jijiyar jini ta kumbura ta danne jijiya ta 7, amma ba wanda ya iya kome a kai, tun da ba a iya shiga wurin a fito lafiya. Cikin 1934 Dandy, wanda ya saba shiga lungun, ya ba da labari cewa sau da yawa yakan ga jijiyar jini kwance a kan jijiya ta 5 ga masu sukan fuska. Cikin 1962 Likita Gardner na Cleveland ya nuna haka abin yake ga masu fizga, daga 1966 kuma Likita Peter Jannetta ya gyara aikin da madubi, ya yaɗa shi cikin duniya.

Ga yadda abin yake. Jijiya tana da rufi kamar wayar lantarki. In wani abu ya daɗe yana dannarta a daidai inda ta fito daga gindin ƙwaƙwalwa, rufin yakan goge, saƙo ya riƙa tsallakawa daga wannan zare zuwa wancan, naman fuska ya motsa ba da umurnin mai shi ba. Galibi abin da ke dannar jijiyar jini ce da ta lanƙwashe, tana bugunta dare da rana. Cikin mutum 100 masu fizgar nan, bai fi 1 ko 2 ba ne ake samun ƙari, ko dai shi ya danne jijiyar, ko ya turo jijiyar jini a kanta. Takan fara daga fatar ido ta ƙasa, ta gangaro kunci da baki, a gefe guda, ba ta dainawa ko cikin barci. Ta fi kama waɗanda suka manyanta, mata kuma sun fi maza. Dabam take da rawar idon nan da kowa ya sani, wadda gajiya da rashin barci ke kawowa, ta wuce cikin 'yan kwanaki.

Magani iri biyu ne. Akwai allura da ake yi wa naman fuska, wadda aka fara aiki da ita cikin shekarun 1980, takan kwantar da fizgar wata 3 ko 4, sa'an nan a sake. Akwai kuma fiɗa: a huda ƙashi bayan kunne, faɗin kuɗin ƙarfe, a ɗage jijiyar jinin, a sa ɗan matashi mai laushi tsakaninta da jijiyar fuska. Wajen 9 cikin 10 sukan rabu da lalurar, ko da yake kaɗan daga ciki sukan sami raunin ji a kunnen wannan gefe. In ƙari ne sai a cire shi, a duba ko ya bar wata jijiyar jini a kan ta fuska a ɗage ta, galibi fizgar takan tsaya. Don haka ne likitoci ke son a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa tukuna kafin a shiga allura, kada a kwantar da alama a bar tushe yana girma.

Wannan ilmi ya iso ƙasarmu. Likita Latunde Odeku ya komo daga Amurka cikin 1962 ya kafa sashen fiɗar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan, yanzu kuwa akwai masu wannan aiki a asibitocin koyarwa na Zariya da Sakkwato da Kano. Saboda haka muna roƙon malamai da akawuna, tun da yake su jama'a ke tambaya, in sun ga mai fizgar fuska da ta wuce wata da watanni, su hana yara yi masa dariya, su ba shi shawara ya tafi asibiti. In kuwa ta haɗu da toshewar kunne guda, ko jiri da tangaɗi, ko mutuwar ji a fuska, ko ciwon kai da amai da safe, ko dushewar gani, to, kada a kwana ana shawara. Kuma duk wanda aka danƙa wa rajista ko littafin lissafi, ya tuna da likitan nan da ya rubuta hasararsa da hannunsa kamar yadda ya rubuta nasararsa, har na bayansa suka san inda za su gyara.